Filin Mata: In Za Ki Shiga Jirgin Ruwan Da Ba Ki Sani Ba

 

A wannan mako za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu yi maganar tafiya a kan ruwa. Dalili kuwa shi ne, mu mutanen Wurno da Rabah da Goronyo maƙwabtan ruwa ne. Gulbin Rima ya ratso ta Goronyo ya wuce ta gefen Wurno, gulbin Sakkwato kuma ya biyo ta Rabah. Su biyun sun haɗu kusa da birnin Sakkwato, suka gangara Argungu da Birnin Kebbi, har suka faɗa Kwara. Saboda haka mace ba ta rasa dalilin shiga jirgi, ko biki, ko suna, ko ta'aziyya, ko cin kasuwa a ƙetare. Makarantu ma su kan kwashi ɗalibai su kai su ganin madatsar ruwa. Akwai kuma waɗanda Allah ya hore wa, su kan fita ƙasashen waje su shiga manyan jiragen shaƙatawa.

Duk waɗannan tafiye-tafiye abu guda ya haɗa su. Sau da yawa za ki miƙa ranki da na 'ya'yanki ga mutumin da ba ki taɓa gani ba, cikin jirgin da ba ki san lafiyarsa ba. To, yaya za ki gane na kirki? Shi ne zancenmu na yau.

Abin da ido zai gani

Kada ku zaci ina so in tsorata ku ne. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma gani ya kori ji. Madatsar Goronyo an gama gininta a 1984, aka buɗe ta a 1992. Tsawon bangonta ya wuce kilomita 12, tsayinsa kuwa mita 21. In ta cika ta kan riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon ɗaki, watau awon tsawo da faɗi da zurfi. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ita ke kula da ita. Yarinyar da ta karanta labarin ƙasa a aji, ran da ta tsaya a bakin wannan ruwa za ta fahimci abin da malama ta yi wata guda tana bayani.

A fadamar Rima kuma ga shinkafa kore shar, ga albasa da tafarnuwa lokacin rani, ga bado ya buɗe furensa da safe. Za ki ga balbela da zalɓe da kirinjijiya, ga masunta suna jefa birgi suna ciro tarwaɗa da karfasa. Wadda ta je Wurno ta ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗinsa a nan, ya kuma rasu a nan a 1837. Rabah kuwa mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce. Ƙasa mai irin wannan tarihi ta cancanci 'ya'yanta su zaga su gan ta. Sai dai a zaga da hankali.

Na farko: tambaya tun kafin ranar

Matambayi ba ya ɓata. Kada ki bari sai kin iso bakin gulbi da kaya a ka, rana ta take, sa'an nan ki fara neman jirgi. A lokacin nan duk wanda ya ce "Hajiya, shigo" shi za ki bi. Tun ana saura kwana biyu ko uku ki aika a tambayo. Kowace mashiga tana da babba, ko Sarkin Ruwa ko shugaban masu fito, shi ya san kowa da halinsa. Matan da ke ƙetarewa kowane mako don cin kasuwa su ma shaidu ne, don sun san mai haƙuri, sun san mai kwaɗayin lodi.

Abin da za a tambayo shi ne: shekara nawa ya yi yana tuƙi a wannan ruwa? Shi ke tuƙi da kansa, ko ya kan bar wa yaro? In an ce masa jirgi ya cika, ya kan ji? Ki lura na ce "a wannan ruwa". Gwanin tuƙi a Yawuri baƙo ne a Rima, gama kowane gulbi da halinsa. Rairayi ya kan sake wuri kowace damina, inda ke da zurfi bara ya zama tudu bana. A madatsa kuma, wuraren da ruwa ya rufe dā gonaki ne da itatuwa, ɗan gari ne kaɗai ya san inda kututture ya ke kwance.

A wannan tambaya ki haɗa da ta hanyar tudu. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 har yau bai fita zukatanmu ba. Maigida ko shugabar makaranta su tuntuɓi mai gari da jami'an tsaro, in sun ce a dakata, a dakata.

Na biyu: dubi jirgin da idonki

Mace ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta ji. To, jirgi ya fi tukunya. Leƙa cikinsa kafin kowa ya shiga. In kin ga ruwa kwance a ƙasa, ga yaro yana ta kwarfewa tun jirgin yana daure, wannan jirgi yana yoyo. Dubi katakon, in faci ya yi yawa, an cusa tsumma nan da can, ki nemi wani. In mai inji ne, tambayi ko akwai filafili da gora a ciki, domin inji ya kan mutu a tsakiyar ruwa. A kuma sami abin kwarfar ruwa da igiya.

Bayan an gama lodi sai ki dubi gefen jirgin. A Ingila an yi wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, wanda ya ga masu jirage suna cika su da kaya har suna nutsewa da ma'aikata. Ya yi ta fama har aka kafa doka a 1876, cewa a zana layi a jikin kowane jirgi, in ruwa ya rufe layin nan, lodi ya wuce ƙa'ida. Har gobe manyan jiragen duniya suna ɗauke da wannan alama. Kwalekwalenmu ba shi da layi, amma kina da hannu. In kina zaune kika ɗora hannu a bakin jirgin, yatsunki suka taɓa ruwa, to ki sauka. Igiyar ruwa ƙarama ta isa ta cika shi.

Na uku: yawan jama'a da kaya

Ran Lahadi 17 ga Agusta 2025, jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. A rahoton farko na Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, mutum 10 aka ceto, ana neman fiye da 40. A watan Afrilu na 2022 an rasa mutum 29 a ƙasar Shagari, galibinsu yara da matasa. A watan Mayu na 2023 kuma, a can Shagarin dai, yara 15 suka rasu a hanyar zuwa itace. Kafin wannan, a Mayu 2021, jirgi mai ɗauke da fiye da mutum 150 ya tarwatse a Kwara kusa da Warra ta ƙasar Ngaski. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Ba mu kaɗai abin ya ke samu ba. Ran 26 ga Satumba 2002, wani babban jirgin ƙasar Sanagal mai suna Joola ya kife da dare a hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600, amma waɗanda suka rasu a lissafin gwamnati 1,863 ne, mutum 64 kacal suka tsira. Ashe girman jirgi ba ya maganin kwaɗayi.

Ranar kasuwa ita ce ranar da ta fi haɗari, domin kowa yana sauri, ga buhuna, ga babura, ga awaki. In tafiyarki ta buɗe ido ce, ki zaɓi wata rana. In kuwa ta kasuwa ce tilas, ki yi sammako ki shiga jirgin farko, ko ki haƙura ki jira wanda ya rage jama'a. Sauri ya kan haifi nawa.

Na huɗu: rigar ceto

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda a ke kira NIWA, an kafa ta a 1997, babban ofishinta yana Lakwaja. Dokarta ta wajabta wa kowane fasinja sa rigar ceto, ta hana lodi fiye da kima, ta kuma hana tafiyar dare. Saboda haka in kin nemi riga ba roƙo ki ke ba, hakkinki ne. Mai jirgin da ya yi miki dariya don kin tambaya, ya riga ya gaya miki halinsa.

Rigar da ke rataye ko wadda aka zauna a kai ba ta ceton kowa. A sa ta tun a tudu, a bisa hijabi, a ɗaure maɗaurinta tam. Ki ɗaga hannuwa, wata ta ja kafaɗar rigar sama, in ta haura har kunnuwanki to ta yi yawa, ruwa zai zare ta. Yara su sami tasu daidai jikinsu. Jirgin nan Titanic da ya nutse a 1912, an yi ta yabonsa, amma ƙananan jiragen ceto 20 kawai ke cikinsa, ba su isa jama'ar da ya ɗauka ba, aka rasa fiye da mutum 1,500. Daga nan ne ƙasashe suka taru a 1914 suka tsara yarjejeniyar kare rayuka a teku.

Inda babu riga sam, kakanninmu sun bar mana dabara. Da gora su ke ƙetare ruwa, har yanzu kuwa masuntan Argungu a kan gora su ke yawo a gulbi. Jarka mai lita 20, babu kome ciki, an rufe bakinta sosai, ta kan tallafi babban mutum a ruwa. Ba ta kai riga ba, gama hannu ya kan gaji, amma ta fi babu. Ƙungiyoyin mata da ke adashi, me zai hana ku sayi riguna biyar ko goma, ku ajiye ana ara?

Na biyar: lokaci

Watan Agusta da Satumba ruwa ya kan kai maƙura, ya yi ƙarfi, ya ɗauko itace da ciyawa. Ba lokacin yawon buɗe ido ba ne. Ku tuna ambaliyar Satumba 2010, yadda Rima ya cinye garuruwa da gonaki daga Goronyo har Sakkwato. In an saki ruwa daga madatsa, ko ta Goronyo, ko ta Bakolori da ke sama da Rabah, gulbi ya kan canza cikin sa'o'i kaɗan ko da sama tana wasai. A tambaya ko an yi sanarwar saki.

Bayan kaka ruwa ya kan kwanta, tsuntsaye su yawaita, wannan ne lokacin kallo. Amma hunturu ma da nasa, iska ta kan tayar da igiyar ruwa a madatsa, hazo kuma ya rufe gaba. Da hantsi ya fi. A shirya dawowa tun kafin la'asar sakaliya. In hadari ya haɗu, ko da kin biya kuɗi, ki zauna a tudu. Biki ba ya ƙarewa a duniya.

Na shida: sutura, goyo da zama

Zane mai nauyi da dogon hijabi in sun sha ruwa su kan naɗe ƙafa. Ki sa wando a ciki, ki tattare hijabin ki zauna a kansa, kada gefensa ya ja ruwa ko ya kusanci farfelar inji. Takalmi ya zama mai sauƙin cirewa. Waya da kuɗi a ƙulle cikin leda.

Ku ji wannan da kyau, iyayen goyo. Kafin ki shiga, kwance goyon ki rungume shi a gaba. In jirgi ya kife kina da riga, rigar za ta juya ki rigingine, fuskarki sama, wanda ke bayanki kuwa yana ƙarƙashin ruwa. Kada mace ɗaya ta shiga da ƙananan yara uku ko huɗu, hannu biyu gare ta.

A shiga ɗai-ɗai, a taka tsakiya, a zauna ƙasa-ƙasa. Ba a tsayuwa, ba a sauya wuri. Ku 'yan makaranta, in wata ta ce "ga wani tsuntsu can", kada ku ruga gefe guda gaba ɗaya. Hoto kuma a ɗauka a zaune.

Na bakwai: ciniki da gwaji

A gama magana a tudu: nawa ne, zuwa ne kawai ko har da dawowa, ina da ina za a tsaya, mutum nawa za a ɗauka. In shata kuka yi, ku faɗa masa ba a ƙara kowa a hanya. A ba da rabi, a cika rabi bayan an dawo. Kada ki bi mai araha don arahar kawai, araha ba ta ado. Wanda ya rage kuɗi, da yawan kawuna zai mayar.

Ga kuma dabarar da ta fi duka. Mai jirgin da ba ki sani ba, fara gwada shi da gajeruwar tafiya. Fito ɗaya ya isa ki ga yadda ya ke lodi da yadda ya ke amsa magana. Malamai mata da za su kai ɗalibai, biyu daga cikinku su riga zuwa su yi wannan gwaji. Ran tafiya a karɓi yardar iyaye a rubuce, a rubuta sunayen yara, a bar takarda ɗaya a tudu. A raba su rukuni-rukuni, kowane jirgi da malama, a ƙirga su wajen shiga da wajen fita.

Na takwas: lafiyar jiki

Kada yara su shiga wanka ko wasa a bakin ruwan da ke kwance. A nan ƙananan dodon koɗi ke zama, su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke ratsa fata ta shiga jiki, bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Ba balaga ba ce kamar yadda wasu su ke cewa, ciwo ne, akwai kuma maganinsa a asibiti. Ruwan sha ki taho da naki daga gida. Mai jin jiri ko tashin zuciya ta ci abinci kaɗan marar maiƙo, ta zauna a tsakiyar jirgi, ta riƙa duban nesa. Tauna ɗanyar citta ma ta kan taimaka.

In babban jirgi ne na ƙasashen waje

Iyayenmu da suka je karatu Ingila da jirgin ruwa su ke zuwa. Jirgin kamfanin Elder Dempster mai suna Aureol ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 zuwa 1974, tafiyar kamar mako biyu. Alhazan dauri kuma daga Sawakin ta Sudan su ke ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Yanzu manyan jirage sun fi yawa a wajen shaƙatawa. A Masar akwai masu bin Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, kwana uku ko huɗu, ana tsayawa kallon gine-ginen Fir'aunoni.

Dokar ɗaya ce da ta kwalekwale. Nemi wadda ta taɓa shiga jirgin wannan kamfani ki ji daga bakinta, kada ki dogara da hoton talla. Fara da tafiya mai gajeren kwana. A rubuta miki abin da kuɗinki ya ƙunsa, ko har da abinci da kuɗin shiga wuraren kallo, da abin da za a mayar miki in an fasa. Tambayi abincin halal tun kafin biya. Ɗakin da ke tsakiya kuma ƙasa-ƙasa ya fi rashin girgiza. Alƙibla ta kan juya da juyawar jirgi, sai ki tambayi malam hukuncin salla a ciki tun kina gida.

Da zarar kin shiga za a kira taron koyar da hanyar tsira. Kada ki ce kin gaji. A Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga ran nan ba a riga an koya musu ba. Bayan wannan ne aka gyara doka, a ke yin taron kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa nan take.

In abin ya auku, Allah ya kiyaye

Saki kaya, kome tsadarsu. Kama jikin jirgin in yana bisa ruwa, gama katako ba ya saurin nutsewa, masu ceto kuma sun fi ganinsa. Kada ki ƙanƙame wani. Wadda ke tudu kada ta faɗa ruwa don ceto in ba ta iya iyo ba, ta miƙa gora, ko ta jefa igiya ko jarka, ta yi kururuwa. Lambar neman agaji ta ƙasa ita ce 112. Wanda aka ciro daga ruwa a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke.

'Yan'uwa, na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Jirgi ya cika, maza suna cewa "shigo mana, akwai wuri", sai mace ta ji nauyin a ce ta cika tsoro. Kunya ado ce a wurinta, amma a bakin gulbi ki ce, "Malam, ku je, na jira na baya." Ba wanda zai ci ki tara. Tawakkali kuwa, an ce mu ɗaure raƙumi tukuna.

Ku 'yan makaranta, ga aikin gida. Ku karanta wa iyayenku da maƙwabta wannan shafi, musamman masu ƙetarewa kasuwa. Wadda ke da tambaya ta rubuto. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya so.